Tulun Ƙarshe na Tsinke da Buhu

"Wallahi ko rana za ta narkar da su ba zan buɗe ba! Rekiya, matsa daga jikin get ɗin nan!"

Muryar Baba ce ta tsaga gidan. Ina gaban madubi a lokacin, jambaki a hannu, na shafa leɓen sama ban kai ga na ƙasa ba. Na ruga taga na ɗaga labule. Ga Baba tsaye a tsakar gida cikin farar shaddarsa ta Juma'a, ya danna wa ƙaramar ƙofar get kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu ya dafe da hannu kamar wani zai ƙwace. Mama, Rekiyar da yake kora, na gefe tana murza yatsu. Baffa Ikrama, ƙanin Baba, wanda ya taso tun daga Zariya don ya karɓi baƙi, ya cire hula yana fifita da ita.

"Yaya, mutane ne fa a waje. Manyan mutane, da goronsu da alawarsu."

"Su kai wa mai shayi."

Wayata ta yi ƙara a kan gado. Abdulbasit ne, saurayina.

*Malama, lafiya? Muna sallama aka rufe mana ƙofa.*

Na rubuta: *Wa ya fara fitowa daga motar?*

*Abba. Wallahi na hana shi biyo mu. Ya ce wannan ba gidan da zai aiki wani ba ne.*

Innalillahi. Na zauna daɓas a bakin gado, leshina ruwan zuma da tela ya yi mako uku yana ja mini rai a kansa ya takure a cinya, ban ko damu ba. Ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin, ga kulolin waina da farfesun kayan ciki jere a falo, ga zoɓo Mama ta sa a firji tun safe, ga lallen hannuna ya kama jawur. Duk don wannan Asabar ɗin. Ranar da za a zo neman aurena.

Wanda yau ya fara karanta labarina, bari in ja shi kusa. Sunana Mashkura, shekarata ashirin da shida, ina koyarwa a wata makarantar kurame a nan Abuja, gidanmu kuma yana Orozo. Babana Malam Mika'ilu ne, amma in ka ce haka a bakin titi ba wanda zai nuna maka gidan. Ce musu kana neman gidan Tsinke. Mai acaɓa ma sai ya rage maka kuɗi.

Eh, Tsinken da kuka sani. Na Tsinke da Buhu.

Ku 'yan bayan nan guntu-guntunsu kuke gani a waya. Ku tambayi iyayenku yadda ake yi da can. Duk ranar Alhamis ƙarfe biyar na yamma, gidan da ke da talabijin sai ya koma kasuwa. Mata su sauke tukunya ko tuwo bai nuna ba. Shekara goma sha uku suna yi, sun faro daga Kaduna, da gwamnati ta dawo Abuja suka biyo ta. Tsinke dogo siriri, fuska a murtuke, ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Buhu gajere mai tumbi, dariya tun daga kunne har kunne. Bahaushe na kallonsu, Bagwari na kallonsu, Ibo mai shagon safaya da bai iya Hausa ba sai ya faɗo daga benci don dariya.

Wa zai manta da ranar da aka ɗauke su gadin wani ofis da ba a gama ginawa ba? Babu bango ko ɗaya, ƙofa ce kawai tsaye a fili, amma Buhu ya rantse sai kowa ya bi ta ƙofar, har akuya ya koro ta zagayo. Ko ranar da suka sayi fuloti a sabon birni, suka je suka tarar dutse ne ƙato. Buhu na kuka, Tsinke ya ɗaga kai ya dubi dutsen ya ce, "Ai mun ci riba. An riga an yi mana bene."

Ba sa rubuta komai a takarda. Baba ya ce kwano ɗaya suke sa hannu da rana, kafin tuwo ya ƙare labari ya haɗu. Kuma suna da doka: ba a yi wa nakasasshe dariya, ba a yi wa ƙabila dariya, ba a yi wa talaka dariya sai dai a yi tare da shi.

Kowane shiri da abu ɗaya yake ƙarewa. In rigima ta kai maƙura, Buhu zai ɗauko tulu, ya kara a kunne, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ce, "Tsinke, ka shirya?" Tsinke ya dubi kyamara da fuskar nan tasa ya ce, "Wa ya taɓa shiryawa? Sauke kawai." Sai tulu ya tarwatse a kansa. Har yau in kwandasta zai sauke fasinja a Nyanya za ka ji ya ce ka shirya, mota ta amsa gaba ɗaya.

Abin da jama'a ba su sani ba, ƙwanƙwasar nan ba wasa ba ce kawai. Wata mata ce a Kwali, Mariya, take gina musu tulunan musamman, ɗanyu, ba a gasa ba, sirara kamar ɓawon ƙwai, a shafa musu jar ƙasa su yi kama da na gaske. Ɗanyen tulu in ka ƙwanƙwasa, dum yake yi. Gasasshe kuwa sai ya yi amo, ƙil, kamar ƙararrawa. Kunnen Buhu shi ne mai gadin kan Baba. In ya ji amo, ya ajiye.

A shirinsu na ƙarshe, a 1997, tulun ya yi amo. Kowa a ɗakin ɗaukar shirin ya ji. Buhu ya yi murmushi ya sauke.

Ɗinki goma sha ɗaya aka yi wa Baba, kunnensa na hagu kuma bai sake ji ba. Daga ranar babu Tsinke da Buhu. Baba ya buɗe shagon tireda a bakin hanyar Ƙarshi, mutane na tsayawa su ɗauki hoto da shi, ya tsaya musu, amma in ka ambaci sunan ɗayan sai ya ce canjinka ga shi. Gidanmu ko randa babu, Mama ta hana. Ni kuwa don na taso ina zagayawa dama in zan yi wa Baba magana, shi ya sa na karanci koyar da kurame.

To ni Mashkura, duk mazan Abuja, wa zuciyata ta ɗauko? Abdulbasit, Oga Edita nake ce masa, wani mai haɗa bidiyo da ke tono tsofaffin kaset ɗin Tsinke da Buhu yana gyarawa yana sakawa a waya. Na yi masa gyara a ƙasan wani bidiyo, na ce shekarar da ya rubuta ba daidai ba ce. Ya ce wace ce ke. Na ce wadda ta fi ka sani. Wata huɗu muna musu kafin mu haɗu, wata shida kafin ya ce mini, yana kallon ƙasa, "Malama, ni fa ɗan Alhaji Hammawa ne." Na ce wane Hammawa. Ya ce, "Buhu." Na ƙware da lemo.

Ranar muka yi wa juna alkawari: zancen tulu ba namu ba ne, ba za mu taɓa shi ba. Mama na fara faɗa wa. Ta ce, "Allah Ya sa ta sanadinku abin ya mutu." Ita da Baffa Ikrama suka shirya komai. Baffa ya yi bincike ya ce wa Baba yaro ɗan mutunci ne, iyayensa mutanen Adamawa ne, suna da shagon kayan gini a Masaka. Duk gaskiya ne, sunan kawai aka rage. Ai uba ba ya zuwa neman aure da kansa, 'yan'uwansa yake turawa. In an karɓi goro an yi addu'a, sai a lallaɓa Baba a hankali.

Ba wanda ya lissafa da Buhu.

Na sake leƙawa. Baba ya matsa jikin get, ya sa baki a ƙarfen, yana magana da ƙarfi yadda duk layinmu zai ji.

"Hammawa! Na san kana nan, ina jin ƙamshin turaren nan naka mai arha! Shekara ashirin da takwas ba ka tako ba, sai yau da kake son 'yata? Ka fasa mini kai, yanzu kuma gida za ka fasa mini?"

Shiru.

"Da kai nake! Ka ji amon tulun ko ba ka ji ba? Tambaya ɗaya ce!"

Shiru. Sai hayaniyar maƙwabta da suka fara taruwa. Na ji wata mata na cewa, "Wallahi Buhu ne! Hasana, fito ki ga Buhu!"

Baba ya juyo ya dubi Baffa, idonsa jawur. "Ka gani? Halin nan nasa. Haka ya yi mini a asibiti."

Labarin asibitin nan na ji shi ya fi sau ɗari. Baba na kwance, kai a naɗe, fuska a bango. Ya ji takun Buhu, ya ji ya ce sannu Mika. Bai juyo ba, don hawaye ne a idonsa. Ya ce, "Hammawa, ka ce mini ba ka ji ba kawai. Ko ƙarya ce, ka faɗa in yafe." Sau uku ya maimaita. Buhu ya tsaya tsit, ya ajiye ledar lemo, ya fita. Baba yakan ce tulun bai yi masa ciwo kamar shirun nan ba.

Na hau kan akwatin Mama, daga tagar sama ana hango waje. Ga shi nan. Tumbin ya ragu, gemu ya yi fari fat, amma Buhu ne. Yana tsaye cikin rana da babbar riga shuɗiya, ya haɗa hannu a baya, yana kallon get yana murmushi. Baba na zuba masa magana ta bayan ƙarfe, shi ko gezau. Ba murmushin raini ba ne, jama'a. Na san wannan murmushin. Kullum ina ganinsa a aji. Murmushin wanda ya san ana wani abu, yana jira a juyo a nuna masa.

Wata maƙwabciyarmu ta gaishe shi daga baya, bai waiwaya ba. Ta zagayo gabansa, nan take ya amsa da fara'a, idonsa a kan bakinta.

Na rubuta wa Abdulbasit, har ina kuskuren haruffa:

*Abba yana ji kuwa?*

Ya buɗe saƙon. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa.

*Malama, ya sa mu rantsuwa.*

*Oga Edita, aurenmu ne a bakin get. Yana ji ko ba ya ji?*

*Ba ya ji. Sai ya ga bakin mutum. Ko a shago ba wanda ya sani, ya iya abin sosai.*

*Tun yaushe?*

*Tun ina goye, haka aka faɗa mini.*

Abdulbasit shekararsa talatin, zancen tulu kuma ashirin da takwas. Ku yi lissafin da kanku.

*Turo mini shirin ƙarshe. Yanzu.*

*Wanda na saka makon jiya? Kin ce ba za ki taɓa kallo ba.*

*TURO.*

Na zura hijabi a kan leshin na fito. Mama ta tare ni a ƙofar falo.

"Ina za ki? Yarinyar da aka zo nema ba ta fitowa, kin sani."

"Mama, Alhaji Hammawa ba ya ji. Tun kafin tulun. Zan nuna wa Baba shirin."

Na zaci za ta yi murna. Sai ta cafke mini hannu, farcenta har ya shige ni. "Kada ki nuna masa tulun nan. Mashkura, a bar shi inda yake."

Na ɗauka tsoron hawan jinin Baba take. Na zare hannuna a hankali na wuce. Allah Ya yafe mini, karo na farko ke nan da na tsallake maganarta.

Na zagaya ta damansa na durƙusa. "Baba."

"Uwata, koma ciki." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa na ci. "Da ke aka haɗa baki, na sani. Za mu yi wannan maganar."

"Na yi laifi, Baba. Amma minti biyu nake roƙo. Ba a matsayin uba ba. A matsayin Tsinke. Ka kalli wannan ka faɗa mini inda Buhu yake kallo."

"Shekara ashirin da takwas ban kalli..."

Na riga na danna. Kiɗan buɗe shirin ya tashi, ɗan gurmin nan da kowa ya sani. Baba ya ɗauke kai. Amma ɗan wasa ɗan wasa ne. Da muryarsa ta ƙuruciya ta fito daga wayar, sai idonsa ya dawo da kansa.

Ya kalla. Ya karɓi wayar daga hannuna ya matso da ita.

"Ya makara a nan," ya ce can ƙasa. "Hammawa ba ya makara." Ya ci gaba da kallo. A cikin shirin Tsinke ya juya baya yana magana, sai ga Buhu ya zagayo da gudu ya leƙa fuskarsa, 'yan kallo suka fashe da dariya. "Wannan zagayen... a shekarun ƙarshe ya ƙirƙiro shi. Na ce masa yana da kyau. Na ce ya riƙa yi."

"Baba, ina yake kallo?"

Ya ƙura wa wayar ido. An zo wurin tulun. Buhu ya kara a kunne, ya ƙwanƙwasa. Ƙil. Ƙil. Ƙil. Ko a 'yar wayata amon ya fito tas. An ga mai riƙe da fitila a gefe ya zabura. Fuskar Buhu kuwa ko gashin gira bai motsa ba. Idonsa na kan bakin Tsinke, yana jiran amsa.

Baba ya tsayar da bidiyon da kansa. Ni ban ma san ya iya ba.

Sannan ya laluba aljihu. Makullin ya faɗi sau biyu kafin ya shiga kwaɗon.

Ƙofa na buɗewa layinmu ya yi tsit. Mutum ya fi hamsin, har da masu ɗaga waya. Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon juna, dogo da gajere, kamar an ciro su daga talabijin an shafa musu furfura. Abdulbasit na jikin mota, ya haɗa hannu a ka.

Baba ya cire hularsa ya rufe bakinsa da ita. Ta bayan hular ya ce da ƙarfi, "Hammawa, rigarka ta kama da wuta."

Buhu na murmushi.

"Hammawa, na yafe maka."

Buhu na murmushi, idonsa na neman bakin da aka ɓoye masa.

Baba ya sauke hular. A hankali, yadda nake yi wa ɗalibaina, ya ce, "Tun yaushe?"

Murmushin ya zube. Buhu ya waiwaya ya harari ɗansa, Abdulbasit ya nuna ni da baki, munafuki. Tsohon ya sauke numfashi.

"Tun zazzaɓin da na yi a casa'in da biyar, Mika. Na dama ya fara tafiya, na hagu ya bi shi."

"Casa'in da biyar." Baba ya ƙirga da yatsu. Sai murya ta tashi. "Shekara biyu! Shekara biyu kana ƙwanƙwasa tulu ba ka jin komai kana sauke mini a ka?"

"Da bisimilla nake saukewa."

Wani ya tuntsire da dariya a cikin taron, ya toshe baki.

"Nauyinsa fa? Ba ka ji ya fi nauyi ba?"

"Ni da nake ɗaga ka da hannu ɗaya, nauyin tulu zan ji?"

"Me ya hana ka faɗa mini, ɗan banza? Da ni zan riƙa saurara maka!"

"In manaja ya ji, wa zai bar kurma a talabijin? Su kawo maka wani Buhun. Na ce gara in riƙa kallon bakinka, ai na haddace shi." Ya share fuska da hannun riga. "Da abin ya faru kuma, me zan ce? In ce na sani ba na ji, na yi shiru, na sa kanka a ciki? Na je asibiti, Mika. Na ce sannu. Na tsaya ina kallon ƙeyarka har ƙafata ta gaji. Na ce ko fuskata ba ya son gani."

"Magana nake yi maka! Sau uku!"

"Da bango kake magana. Ni ƙeya aka ba ni."

Baffa Ikrama ya juya baya yana goge ido da hula. Ni kam jambakin leɓe ɗaya ya gama haɗuwa da hawaye.

"To me ya kawo ka yau?" Baba ya ce, muryar ta yi laushi. "Ba ka san al'ada ba? Uba ba ya zuwa."

"Likita ya ce idon ma ya fara hazo. Na ce kafin in daina ganin bakin nan naka mai kama da na buta, bari in zo ya zage ni ko sau ɗaya in gani."

Baba ya kama kafaɗarsa ya juya shi, ya gyara masa tsayuwa, shi kuma ya koma ta hagunsa, ya ɗan karkato yadda kunnensa mai ji zai fuskanci Buhu, bakinsa kuma ya fito fili. Tsofaffin cikin taron suka fara salati. Tsayuwarsu ce ta talabijin, sak.

Buhu ya gane. Ya waiga, babu tulu. Ya karɓi ƙullin goron daga hannun ƙaninsa da ya zo neman auren, ya kara a kunnen da ba ya ji, ya ƙwanƙwasa sau uku.

"Tsinke. Na zo nema wa ɗana 'yarka. Ka shirya?"

Baba ya juyo ya dube ni, ina durƙushe a bakin ƙofa inda bai kamata a gan ni ba. Ya dubi Abdulbasit daga sama har ƙasa. Sannan ya dubi jama'a, ya murtuke fuskar nan da ƙasar nan ta yi shekara ashirin da takwas ba ta gani ba.

"Wa ya taɓa shiryawa?"

Layinmu gaba ɗaya, mata da maza, har mai rake, suka ƙarasa masa: "SAUKE KAWAI!"

Buhu ya ɗora masa goron a ka, a hankali kamar ƙwai. Kuma ni Mashkura, da idona, na ga haƙoran Tsinke a bainar jama'a.

Sauran kun san shi. Aka shigo falo, Baffa ya karɓi magana yadda ya kamata, aka yi addu'a aka shafa. Na koma ɗaki kamar ban taɓa fita ba, ina jin tsofaffin biyu suna musu a kan wanda ya fara ƙirƙiro zancen akuya. Saƙo ya shigo.

*Matar Oga Edita, leɓenki ɗaya babu jambaki. Duk Orozo sun gani.*

*Ka ji da kanka. Kai da ka nuna ni da baki.*

Ina murmushi ni kaɗai Mama ta leƙo ta ce in zo in taya ta ɗaukar kaya zuwa ƙofar falo. Fuskarta ba ta saki ba, na ce gajiya ce. Ta ɗauki tiren kofuna, na ɗauki jug ɗin zoɓo. Muna tsakar gida aka yi sallama a get ɗin da yanzu yake buɗe.

Wata mata ce, za ta yi shekara hamsin, baƙa kakkaura, da atamfa da ɗan gicciye a wuya, ƙafarta duk ƙurar hanya. Ban taɓa ganinta ba.

"Sannunku da gida. Nan ne gidan Oga Tsinke? Yaron da yake saka bidiyo ya ba ni kwatance, ya ce yau zan same su duka biyu."

Baba ya ɗaga labulen falo, Buhu na leƙe ta ƙarƙashin hammatarsa.

"Sunana Rosemary, daga Kwali. Ni 'yar Mariya ce mai tulu. Mamana ta tsufa, ba ta iya tafiya. An nuna mata shirin nan a waya, tun ranar ba ta da sukuni. Ta ce shekara da shekaru ana cewa ita ta haɗa gasasshe cikin ɗanyu, ta yi shiru. Yanzu ta gani da idonta." Ta ciro waya ta miƙa wa Baba, an tsayar da hoton daidai inda Buhu ya ɗaga tulun sama. "Oga, duba gindinsa. Ka ga ƙadangare biyu? Ba ta yi wa na wasa zane. Guda ɗaya tak ta taɓa yi mai wannan, kuma ba gidan talabijin ta kai ba. Kyautar biki ce. Hannu da hannu ta ba amaryarka."

Ta dube ni, ta dubi matar da ke gefena.

"Wace ce Rekiya a cikinku?"

Tiren ya suɓuce daga hannun Mama.